Ƙaryar da Na Yi wa Wani Tsoho a Faris

Jama'a, akwai wata 'yar ƙarya da na yi a ƙasar Faransa wadda har yau ta ƙi barina in sake. Ba ta kai ta kawo ba, kalma uku ce kacal, kuma na san yawancinku da kuna wurin ita za ku yi. Amma tun da na dawo nake juya ta a raina, shi ya sa na ce bari in shimfiɗa ta a nan mu duba tare.

Waɗanda suka san ni a unguwar nan sun san sana'ar gidanmu ƙaro ce. Marigayi mahaifina ne ya fara ta. Mukan sayo ƙaron dakwara daga Yobe da Jigawa, a kawo sito a nan Agege, mata su tsince ɓawo da tsakuwa, a ɗura a buhu, a yi lodi a Apapa. Faransa na cikin ƙasashen da suka fi kowa sayen ƙaro a duniya, suna sarrafa shi a zuba a lemon kwalba da alewa da magunguna. Akwai wani Bafaranshe, dattijo ne yanzu, wanda ya fara ciniki da mahaifina tun ina riƙe masa jaka. Da na je Faris lokacin sanyi kan wata harka, sai ya ce lallai sai ya kai ni cin abincin dare a wani gida da yake ji da shi. Ba zan faɗi sunan gidan ba. Abin da zan ce kawai, ya haura shekara ɗari, kuma akwai lokacin da sai mai hanya yake samun kujera a cikinsa.

Tun daga ƙofa za ka san ka zo gidan da ya taɓa zama wani abu. Wani ya buɗe mana, wani ya karɓi kwat ɗinmu, wani na uku ya raka mu tebur. Fitilun ƙarau na reto daga rufi, bango duk madubi ne da zanen ruwan zinari, ga hotunan manyan mutanen da suka ci abinci a wurin, waɗanda mai masaukina ya ce kusan duk sun mutu. Aka ja mini kujera. Cokula masu yatsu uku a hagu, wuƙaƙe a dama, kofunan gilas iri-iri a gabana, ni da na saba da hannuna ɗaya da ruwan wanke shi. Takardar jerin abincin da aka miƙo mini babu farashi a jiki, tasa ce kaɗai mai farashi. Tsohuwar al'adarsu ce, wai kada baƙo ya ji nauyi. Wannan kam ta burge ni, don ta yi kama da tamu.

Sai da idona ya saba da hasken wurin na fara ganin sauran. Kafet ya sid̃e a hanyar da ma'aikata ke bi har zare ya fito. Jan karan-miskin kujeru ya yi sanƙo. Rabin teburan babu kowa, kuma waɗanda ke zaune yawancinsu baƙi ne irina, 'yan yawon buɗe ido, kowa da waya a hannu yana ɗaukar rufi hoto. Ban ji Faransanci sosai a ɗakin ba sai a bakin ma'aikata.

Mai masaukina ya san ni, don haka tun kafin in yi magana ya gaya musu ba giya, ba naman alade, a kawo mini kifi. Aka kawo wani kifin teku mai faɗi da suke kira sol, an soya shi da man shanu da lemon tsami. Wanda ya kawo shi wani tsoho ne dogo cikin baƙar kwat, gashinsa fari fat. Ya turo ɗan tebur mai taya har gabana, ya ɗauki cokali da cokali mai yatsu, ya shiga raba kifin da ƙayarsa. Wallahi ban taɓa ganin hannu irin wannan ba. Bai yi gaggawa ba, bai kalli kowa ba, sau huɗu ya motsa hannu sai ga ƙaya ta ɗago gaba ɗaya kamar matsefi, tsoka ko ɗaya ba ta biyo ta ba. Mahauci mai shekara arba'in a kwata ne kaɗai na taɓa gani yana aiki da irin wannan natsuwa.

To, sai na kai bakina. Kifi ya bushe. Man ya ɗan ƙone, yana ɗaci daga ƙarshe. Dankalin da ke gefe ya huce, alama ya daɗe yana jira. Ba abin da za a ce ya lalace, ana iya ci, na kuma ci. Amma na ci wanda ya fi shi a bakin titi a Legas, a tsaye, cikin takarda. Da aka gama na hango lissafin a hannun mai masaukina ba da niyya ba, na ga abin da zai biya hayar ɗaki a unguwar nan wata da watanni.

Tsohon ya dawo kwashe faranti. Ya ɗan sunkuyo, ya yi mini tambaya da Turanci mai rauni, ko na ji daɗin kifin. Na dubi fuskarsa. Na ce, “Ya yi daɗi.” Har na ƙara da ɗaga masa babban yatsa. Ya yi murmushi, ya dafa ƙirji, ya tafi.

Ƙaryar ke nan. Tambayar da ta dame ni kuwa ita ce: alheri na yi masa, ko cuta?

Kafin in je can, sai na ɗan bayyana yadda abinci yake a wurin mutanen nan, don in ba haka ba za ku ce kifi ne fa kawai. A shekarar 2010 hukumar UNESCO ta sa tsarin cin abincin Faransawa cikin kayan gadon al'adun duniya. Suna kuma da alƙalin da kowane kuku ke tsoro, kuma abin dariya, kamfanin taya ne: Michelin ɗin nan da direbobinmu na tirela suka sani. A 1900 'yan uwa biyu masu kamfanin, André da Édouard, suka fara buga ɗan littafi suna raba wa masu mota kyauta, mai nuna inda za a sami mai da makanike da masauki, don mutane su yi ta tafiya taya ta cinye a sayi sabuwa. A 1926 suka fara ba gidajen abinci tauraro, daga baya aka mai da taurarin hawa uku. Ɗaya, gida ne mai kyau. Biyu, ya isa ka ratse hanya dominsa. Uku, ya isa ka yi tafiya takanas ta Kano. Masu bincikensu ba sa bayyana kansu, sukan zo kamar kowa, su ci, su biya, su tafi. Kowace shekara kuma ana sake duba lissafi, wanda aka ba bara ana iya ƙwacewa bana.

Ku ɗauki La Tour d'Argent, wanda ba can muka je ba, amma labarinsa a fili yake. Yana bakin kogin Sen, daga tagarsa ana hango cocin Notre-Dame, kuma masu shi suna cewa tun 1582 yake. Sunansa ya fita ne da agwagwa. Tun 1890 suke ba kowace agwagwar da aka ci lamba, a miƙa wa mai ci kati ya tafi da shi gida, kuma a 2003 suka kai ta miliyan ɗaya. (Mu dai ba cimarmu ba ce, don miyarta da jinin agwagwar ake haɗa ta.) Gidan ya yi shekaru masu yawa da taurari uku. A 1996 aka cire ɗaya. A 2006 aka sake cire ɗaya, a shekarar ne kuma mai gidan, Claude Terrail, ya rasu. Lambar agwagwa ba ta tsaya ba, tana ta hawa, taurari na sauka. Sai a 2022 ɗansa ya rufe gidan fiye da shekara guda aka yi masa gyara na sosai.

Ko kuma gidan Paul Bocuse da ke kusa da birnin Liyon, mutumin da Faransawa ke ɗauka uban kukuntansu na wannan zamani. Tun 1965 yake riƙe da taurari uku. Ya rasu a watan Janairun 2018 yana da shekara 91. Bayan shekara biyu cif, a Janairun 2020, Michelin ta cire tauraro ɗaya, bayan shekara 55. Ƙasa ta ɗauki zafi. Wasu suka ce rashin kunya ne, an taɓa kabarin babba. Wasu kuma suka ce ai tuni ya kamata, kara ce kawai aka yi wa tsohon yana raye, aka jira ƙasa ta rufe idonsa. Da na ji wannan na ce ashe ba mu kaɗai muka san kara ba.

Mu Hausawa muna cewa da tsohuwar zuma ake magani, kuma da wannan karin maganar na fara kare kaina. Gidan nan ya ciyar da mutane tun kafin a haifi kakana. Tsohon nan ya ƙarar da ƙuruciyarsa a tsaye yana yi wa wasu hidima. Ni wane ne, baƙon dare ɗaya, da zan zo in ɓata masa rai? Ban da haka ma, harshen da aka raina da tuwo da miyar kuka da yaji, shi ne zai yi wa girkin Faransa alƙalanci? Wataƙila haka kifin yake, ni ne ban iya ci ba.

Wannan uzuri na biyu bai daɗe ba ya faɗi, don na lura mai masaukina ma ya bar rabin nasa a faranti. Na farkon ne ya fi wuyar turewa, kuma har yanzu ban ture shi duka ba. Amma ga inda ya gaza. Zuma ba ta ruɓa, ka ajiye ta shekara goma tana nan. Girki kuwa kullum sabo ake yi. Kifin da aka soya wa wani minista a wannan ɗaki shekara sittin da suka wuce, komai daɗinsa, ba ya cikin farantina. Bangon dai shi ne, sunan shi ne, cokulan ma wataƙila su ne. Hannun da ke kicin ne ya canja, shi kuwa ba a gadonsa kamar yadda ake gadon gini.

Sannan akwai maganar kuɗi, wadda nake ganin ita ce gindin abin. Dattijo a unguwa, ko ƙarfinsa ya ƙare, ko maganarsa ta fara maimaituwa, girmansa na nan, ba mai tambayarsa me ya yi yau. Dalili kuwa, ba ya sayar da girman. Ba ya ce ka biya kafin ka gaishe shi. Amma ranar da aka rubuta wa girma farashi aka miƙo takarda, to ya shiga kasuwa, kasuwa kuwa tana da ikon ɗanɗanawa ta yi magana. Tuwon girma miyarsa nama, in ji masu iya magana. Wanda ya karɓi kuɗin girma, ana binsa naman.

Wa ke biyan kuɗin karar da muke yi? 'Yan gari ba sa biya, sun san halin da ake ciki, sun yi shiru sun koma wani wuri, shi ya sa ban ji Faransanci a ɗakin ba. Baƙo ne ke biya. A teburin da ke kusa da mu akwai wasu miji da mata daga wata ƙasar Asiya, sun ci ado, ka gan su ka san sun daɗe suna tanadin wannan dare. Suna ne ya kawo su, sunan da irina muke ci gaba da ɗaga wa yatsa. Wannan ba baƙon abu ba ne a gare mu mazauna zango. Duk mun san yadda suna ke aiki a harkar fatauci: mutum ya taso daga Arewa da shanunsa ko kuɗin goro, bai san kowa ba, sunan gidan fatoma kaɗai aka ba shi, wanda kakansa ya sauka a ciki. Idan jikokin gidan sun riƙe amana, ya dace. Idan suna ne kawai ya rage, mu 'yan unguwa mun sani, amma wa zai faɗa? Sai mu gaishe su da girmamawa, mu kai namu kayan wani gidan, mu bar baƙo ya gano da aljihunsa.

Sai dai fa kada in mai da kaina gwanin gaskiya, don gaskiyar ma tana da gawarta. Akwai wani kuku Bernard Loiseau, mai gida a wani ƙaramin gari da ake kira Saulieu. Ya sami tauraro na uku a 1991 bayan ya zuba rayuwarsa da bashi mai yawa a gidan. A farkon 2003 wani littafin alƙalancin abinci, Gault et Millau, ya rage masa maki daga 19 zuwa 17 cikin 20, jaridu kuma suka yi ta raɗe-raɗin cewa Michelin ma za ta cire tauraro. A watan Fabrairun shekarar ya kashe kansa, yana da shekara 52. Taurarin nasa uku kuwa ba a taɓa su ba a wannan shekara. Allah kaɗai ya san abin da ke cikin zuciyar bawa, kuma ba daidai ba ne a ɗora komai kan 'yan jarida. Amma labarin ya isa ya nuna cewa abin da mai ci ke faɗa cikin minti ɗaya, a wurin mai dafawa ransa ne. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Akwai bambanci tsakanin ka gaya wa mutum aibinsa a kunne da ka rataye shi a kafaɗa ka zaga kasuwa.

Kuma ko da zan faɗi gaskiyar, tsohon nan ne ya dace ya ji ta? Ba shi ya soya kifin ba. Nasa aikin, cire ƙaya, ya yi shi yadda ba mai iya ƙarawa. A duk gidan shi kaɗai ne bai sauka daga inda yake ba. Na yi ta tunanin wannan, har na gane cewa akwai amsar da ta fi wadda na ba shi, wadda ba ƙarya a cikinta: in ce masa ban taɓa ganin hannu irin nasa ba, amma ya gaya wa na kicin man ya ƙone. Da ya sami yabon da yake nasa na gaskiya, saƙo kuma ya isa inda ya kamata. Ni kuwa sai na haɗa gwani da mai sakaci na ba su yabo ɗaya, wanda hakan ma rage wa gwanin ne. Ban yi haka don shi ba, in za a bi gaskiya. Na yi ne don kaina, don in tashi daga tebur ba tare da na ji nauyi ba.

A mota, kan hanyar komawa masauki, na kasa haƙuri na tambayi mai masaukina me ya sa ya bar kifinsa, kuma me ya sa bai ce komai ba. Ya yi dariya. Ya ce ya fi shekara goma da sanin girkin gidan ya faɗi. Ya ce mahaifinsa ne ya fara kawo shi nan ranar da ya gama makaranta, a teburin da ke kusa da taga, kuma tsohon nan yana saurayi a lokacin. “Ni ba abinci nake zuwa ci ba, Alhaji,” in ji shi, “mahaifina nake zuwa gaisarwa.” Ban ga laifinsa ba. Shi ya san abin da yake saya, yana kuma samunsa cikakke. Ya ƙara da cewa in abinci yake so, akwai wasu yara da suka buɗe ɗan wuri kusa da ofishinsa, can yake kai abokan cinikin da yake son ya burge.

Maganar ta zauna mini a ƙirji. Muka yi shiru muna tafiya. Can sai wani tunani ya zo mini wanda ya sa na ji sanyin garin ya shiga ƙashina. Mutumin nan mai riƙon zumunci ne, yana biyan kuɗi mai yawa don tunawa da matattu, kuma ba ya faɗin aibi. Shekara biyu ke nan odarsa a wurina tana raguwa, kullum ya ce kasuwa ce. Na juya na ce masa, don girman Allah da amanar da ke tsakaninsa da mahaifina, ya gaya mini yadda ƙarona yake.

Ya daɗe yana kallon titi. Sannan ya ce, a zamanin Baba in kwantena ta iso, ba ya ma tura a duba, sunan da ke jikin buhu ya ishe shi. Yanzu kuwa sai sun sake tsincewa, ga ƙura, ga ɓawo, wani lokaci a sami ƙaro mai ƙaramin daraja a gauraye da na dakwara. Ya ce kaso mafi girma na odarsa ya koma wurin wani ɗan Cadi. Abin da ya rage yake ba ni, don Baba.

Na ce, me ya hana ka gaya mini? Ya ce, “Kai me ya hana ka gaya wa tsohon?”

Na ji haushinsa a wannan dare, ba zan ɓoye ba, kuma na ji kunya fiye da haushin. Shekara biyu ina zargin dala da kwastan da 'yan Apapa, alhali matsalar na cikin sitona, inda na daina shiga da kaina tun da na sami yara. Na rage wa masu tsince kuɗin buhu, su kuma suka rage ido. Da mutumin nan bai yi mini kara ba, da tun kwantenar farko na gyara. Yanzu ina zama a sito tun safe kamar yadda Baba yake yi, ina zazzage buhu ɗaya cikin kowane goma a kan tabarma. Ko odar za ta dawo, wannan sai yadda Allah ya yi, don ɗan Cadin ma ba barci yake yi ba.

Makon da ya wuce na je wurin wata tsohuwa mai tuwo a bayan layinmu, wadda muka tashi muna cin tuwonta tun muna makarantar allo. Kowa ya san miyarta ba kamar da ba ce, kuma kowa ya san bencinta ya fara yin fili. Na zauna na ci. Da na miƙa mata kwano sai ta ce, “Ɗan nan, yaya miyar?”

Na buɗe baki, tsohuwar amsar ta riga ta hau harshena. Na haɗiye ta. Na matsa kusa yadda ba wanda zai ji, na ce, “Inna, tuwon ya tuƙu yadda kika saba, amma gishiri ya yi yawa a miyar.”

Ta dube ni har na fara da-na-sani. Sannan ta ce idonta ne, tun bara ba ta ganin abin da take zubawa, jikar da ke taya ta kuma an yi mata aure. Ta ce me ya sa ba wanda ya faɗa mata. Ban da amsa. Ta karɓi kuɗina, ta ƙirga da yatsu, ta ce in turo mata ɗiyata ƙarama gobe da hantsi ta riƙa auna mata gishirin.